Jar Fitila a Kan Dutse

Asabar, 1 ga Safar, bayan la'asar

Sun kama Maikuɗi. Na rubuta a nan ne don in daina ce wa kaina ƙila ban ji daidai ba.

Matarsa Barira ce ta kira ni jiya da wayar maƙwabta. Ta ce 'yan sintirin ƙauyensu sun binciki ɗakinsa, sun sami rediyona da tocilata, sun tasa ƙeyarsa zuwa Gwaram sun miƙa shi ga hukuma. Ban tambaye ta dalili ba, don labarin ya riga ya iso Birnin Kudu. Ranar Laraba da dare, lokacin da muke kan dutse ni da shi, 'yan bindiga sun shiga gidan Alhaji Ashiru a ƙarshen ƙauyen, sun tafi da ɗansa. An ce ko harbi ba su yi ba. Mu dai ba mu ji komai ba. Amma mutane sun ga jar wuta tana motsi a kan dutse, wani kuma ya ji murya tana Turanci.

Jar wutar tocilata ce. Jar leda nake naɗa mata, don farin haske yana kashe ido, sai ka daɗe ba ka sake ganin ƙananan taurari ba. Muryar kuwa matuƙan jirgin sama ne suna magana da masu ba su hanya a Kano, rediyon da nake sauraronsu da ita ce ta kamo. Ni malamin makaranta ne, shekaruna sun haura hamsin, ban taɓa shiga jirgi ba, kuma abin da na zaɓa in ɓata rayuwata da shi ke nan: in ji hirar matuƙa, in ɗauki hoton sama da tsohuwar waya. Wasu ƙwallo suke kallo, ba a kama kowa a kansu ba.

Maikuɗi ɗan acaɓa ne a tashar Gwaram. Shekara da shekaru, in wata ya ɓace sama ta yi duhu, sai in hau mota daga nan, shi kuma ya ɗauke ni a babur zuwa dutsen bayan ƙauyensu, wajen Farin Dutse, inda babu hasken lantarki. In kwana a zaurensa, in dawo da safe. A wannan karon ya ce in bar masa rediyon, yana so ya ji ko zai fara gane abin da suke faɗa. Na bar masa, har da tocilar a cikin jakar.

Tsuntsun da ya ja ruwa aka ce shi ruwa kan doka. Ga ni nan a ɗakina ko ɗigo bai taɓa ni ba.

Lahadi, 2 ga Safar, bayan isha'i

Na je Gwaram na ce musu kayan nawa ne. Sun zaunar da ni a benci tun hantsi har la'asar, tambaya ɗaya ake yi mini ta ƙofofi daban-daban. Shugaban makarantarmu ya zo ya tsaya mini, aka ce in tafi. Na ce to Maikuɗi fa? Jami'in ya yi mini magana a tsanake, ba shi da laifi. Ya ce ni ba wanda ya kawo ƙarata, shi kuwa mutanen garinsu ne suka kawo shi da hannunsu. In mai unguwarsu da dattawa suka zo suka tsaya masa, za a sallame shi. In ba haka ba, sakinsa ma haɗari ne gare shi.

An bar ni na gan shi ta taga. Dariya ya yi da ya gan ni.

"Malam, ka ga inda Turancinka ya kawo ni? Kuma wallahi har yanzu kalma ɗaya ban gane ba."

Na ce ya yi haƙuri, kwana biyu ne. Ya ce in gaya wa Barira ta rufe babur da leda kada ruwa ya shiga injin.

Litinin, 3 ga Safar, da azahar

Jirgi ya wuce ta saman gida. Na miƙa hannu inda rediyon take zama.

Laraba, 5 ga Safar, da magariba

Yau aka zauna a ƙofar gidan mai unguwa, Baba Yunusa. Tsoho ne mai sanyin magana, ya san ni, ya sha aiko mini da fura in na kwana a garin. Yau ya amsa gaisuwata bai tambayi iyali ba.

Saifullahi, shugaban 'yan sintiri, shi ya fara magana. Saurayi ne, kuma ban ga mugunta a fuskarsa ba, rashin barci na gani. Ya ce da suka kunna rediyon kafin su miƙa ta, sun ji wani yana ƙirga lambobi da Turanci, wani yana amsa masa. Ya ce, "Rediyon da muka sani labarai take yi da waƙa. Wannan kuwa umarni ake bayarwa a cikinta."

Na ce gaskiya ne umarni ne, amma jirgi ake gaya wa ya hau ko ya sauko, kuma rediyon ji kawai take yi, ba a magana da ita. Wani ya ce daga baya, "Ka ji, har da jirgi." Na gane duk bayanin da na ƙara rami nake ƙara wa Maikuɗi.

Sai na ciro waya na nuna musu hoton da na ɗauka a daren. Tarin taurarin nan ne, Kaza da 'ya'yanta, ta fito gab da asuba, kuma a cikin duk hotunana babu wanda nake alfahari da shi kamarsa. Wayar ta zaga hannu zuwa hannu. Wani dattijo ya ce allon ya mutu. Wani ya sa hannun rigarsa yana goge taurarin, ya ɗauka ƙura ce. Da ta dawo hannuna na dube ta da idonsu: baƙin gilashi da 'yan ɗigo-ɗigo kamar an watsa gari. Kunya ta kama ni. Mutum ya bar gadonsa da iyalinsa, ya hau dutse cikin sauro, don wannan? Ni ma da ni ne su da ban yarda ba.

Na ce akwai madubin hangen nesa a gida, wanda ake ganin ramukan da ke jikin wata da shi. Baba Yunusa ya ɗago.

"Ramuka a jikin wata?"

"Ranka ya daɗe, kamar an yi haƙar rijiyoyi an bari."

Sai ya ce, "Gani ya kori ji. Malam, ka kawo abin nan gaban jama'a. In muka ga abin da kake hawa dutse dominsa da idonmu, ni da kaina zan je in tsaya wa yaron nan. In ba mu gani ba, ba zan sa hannuna a wuta ba, ga uban wancan yaron yana kuka a gida."

Ban san yadda ramukan wata za su wanke mutum ba. Amma abin da aka ba ni ke nan, na karɓa da hannu biyu. Jibi wata zai kai rabi, lokacin da ramukan suka fi fitowa.

Alhamis, 6 ga Safar, da walaha

Ina goge madubin a tsakar gida Nasiha, uwargidana, ta tsaya a kaina da tsintsiya.

"Malam, mutane suna neman abinci a ƙasa, kai kana nemansa a sama. Na yi shiru shekara da shekaru don na ga ba giya kake sha ba. Yanzu ga ɗan mutane a kulle."

Na ce na sani.

"Ba ka sani ba. Da ka sani da ka ci abincin da na ajiye maka tun jiya."

Ta tafi ta dawo da ƙullin gari da kuka da daddawa ta ce in kai wa Barira. Madubin tsoho ne, a Kano na saya hannun wani mai gwanjo, ƙafafunsa ma wani mai walda ne ya haɗa mini da bututun ruwa. Yau na dube shi kamar wanda zai shiga kokawa raggo ne ke mara masa baya.

Juma'a, 7 ga Safar, bayan isha'i, a masallacin ƙauyen

Tun la'asar hadari ya haɗo daga gabas. Na kafa madubin duk da haka a filin masallaci, jama'a suka kewaye ni, yara a gaba. Da magariba aka tsuge da ruwa. Kowa ya watse da gudu yana hamdala, don gero yana bukata. Ni na rungumi madubin na lulluɓe shi da rigata.

A masallaci zan kwana. Ba zan iya kwana a zauren Maikuɗi ba alhali ba ya nan.

Lahadi, 9 ga Safar, da dare

Gajimare.

Da rediyon tana hannuna da na san inda hadari yake. Matuƙa sukan roƙi a bar su su kauce masa, dama ko hagu, ni kuma daga nan nake gane ko sama za ta buɗe. Yanzu sai dai in ɗaga kai kamar kowa.

Talata, 11 ga Safar, bayan magariba

Na ɓata komai da hannuna.

Na koma ƙauyen da yamma, sama a rufe ruf. Mutane sun taru amma ba kamar na farko ba. Saifullahi ya ce, "Malam, madubin naka sai a ɓoye yake aiki ne?" Aka yi dariya. Zuciya ta ɗebe ni. Na ce ba sai wata ba, bari in nuna muku ƙarfinsa tun da sauran haske. Na saita shi a kan wata ɗorawa can nesa a bakin gonaki, na ce ya leƙa, zai ga ganyenta ɗaya-ɗaya, sai dai a kife, haka madubin yake nuna komai.

Ya leƙa. Kafaɗarsa ta taɓa bututun madubin ya ɗan karkata. Na ga bayansa ya sandare.

"Ƙofar gidan Alhaji Ashiru ce," ya ce, bai ɗago ba. "Ga kwaɗon. Ga akuyar da ke ɗaure."

Ya miƙe ya kira wasu biyu suka leƙa. Ba wanda ya yi dariya yanzu. Ɗaya ya ce, "Daga nan ma ke nan. To ina ga daga kan dutse?"

Na buɗe baki in ce da dare ba a ganin komai a ƙasa, kuma ban taɓa juya shi wajen gari ba. Na faɗa ɗin, amma kamar na zuba ruwa a rairayi. Baba Yunusa ya ce in haɗa kayana kafin duhu. Ya sa aka raka ni har bakin titi, kuma na san ba girmamawa ba ce.

Ni da nake koya wa yara su yi tunani kafin su amsa tambaya.

Laraba, 12 ga Safar, da asuba

Ban yi barci ba. Ban je na ga Maikuɗi ba. Me zan ce masa?

Juma'a, 14 ga Safar, bayan sallar Juma'a

Liman ya yi wa Allah godiya a kan damina, ya roƙi a ƙaro mana mai albarka. Sahu gaba ɗaya ya ce amin. Ni ma na ce, amma bakina ya yi nauyi. A sujadata kullum abin da nake roƙo shi ne a ɗauke gajimaren nan, dare ɗaya tak. Ƙasa duka tana roƙon ruwa, mutum ɗaya a cikin sahu yana roƙon akasin haka. Ina jin tsoron addu'ata, kuma ban daina ba.

Da yamma na kira Baba Yunusa a wayar ɗansa. Na ce ko maganarsa tana nan? Ya ce, "Ni ba na magana biyu. Wata na ce, ba ƙofar gidan mutane ba. In za ka zo ka sauka a zaurena, kada ka yi yawo a gari."

Asabar, 15 ga Safar, bayan isha'i

Wata ya cika. Ana ganin inda yake, wani fari-fari a bayan gajimare kamar fitila a cikin buhu. Daga yau kullum zai riƙa makara wajen fitowa, yana raguwa.

Na gaji. Na gaji da mota, na gaji da ɗaga kai, wuyana ciwo yake.

Litinin, 17 ga Safar, da la'asar

Na je na ga Maikuɗi. Ya rame, gemu ya fito masa. Ya riga ya ji labarin ƙofar Alhaji, ban san wa ya kai masa ba. Bai yi mini ƙorafi ba, da ya yi da na fi samun sauƙi. Bai yi dariya ba kuma.

Ya ce, "Gonata fa, Malam? An yi mata maimai?"

Na ce zan duba.

Na duba. Ciyawa ta kusa shanye gyaɗar. A garin nan in mutum ya kwanta ciwo ko ya shiga wani hali da damina, gayya ake yi masa, samari su fito da safe kafin azahar an gama nome gonar. Shekaran jiya ma an yi wa Alhaji Ashiru. Gonar Maikuɗi tana kan hanyar, sun wuce ta da fartanyoyinsu a kafaɗa.

Na ari fartanya a gidansa na shiga. Kunya biyu na yi hannuna ya yi bororo, bayana ya ƙage, kuma ina jin na sare gyaɗa fiye da ciyawa. Barira ta aiko mini da ruwa a kwano. Da zan tafi na yi mata sallama daga zaure, ta ce, "An gode, Malam." Ba ta ƙara komai ba.

Laraba, 19 ga Safar, da hantsi

Yaron Alhaji ya dawo. Ba wanda yake faɗin yadda aka yi, ni ma ban tambaya ba. Alhamdu lillahi, da gaske nake, na yi ƙwalla da na ji.

Na ɗauka shi ke nan. Amma an ce idonsa a ɗaure yake tun daga ƙofar gida, bai ga kowa ba, bai ji sunan kowa ba. Bai ce Maikuɗi ne ba, bai ce ba shi ba ne.

Juma'a, 21 ga Safar, da dare, zauren Baba Yunusa

Kwana na uku a nan. Ruwa tun azahar. Nasiha ta kira ta ce yara suna tambaya ko na ƙaura. In wata ya ɓace sai an jira sabo, ban san ko Maikuɗi zai iya ba, ban san ko ni zan iya ba.

Asabar, 22 ga Safar, da walaha

Bari in rubuta tun ban manta ba.

Mun fito daga sallar asuba ina neman takalmina, ban ko ɗaga kai ba, na daina. Sai na ga inuwata a ƙasa. Ruwan jiya ya wanke sama tas, ga rabin wata tsaye a tsakiya, fari sol. Na ruga zaure ba takalmi na kinkimo madubin. Na ce, "Jama'a, don Allah kada kowa ya tafi!" Ban taɓa ɗaga murya a ƙofar masallaci ba sai yau.

Na kafa, na saita, ramukan suka fito ɓaro-ɓaro a gefen da haske ya yanke. Na ce Baba ya zo.

Abin da na manta shi ne madubina ba ya bin wata. Masu tsada suna da inji da ke juya su, nawa kuwa inda ka ajiye shi nan yake, wata ya yi ta tafiyarsa, kafin ka ƙirga kaɗan ya fice daga gilashin. Baba kuma tsoho ne. Sai da ya miƙa sandarsa, ya cire hula, ya tattare babbar riga, ya dafa kafaɗar wani, sannan ya sunkuya. Ya daɗe yana leƙe.

"Baƙi ƙirin nake gani, Malam," ya ce.

Na ji guna-guni ya tashi a bayana. Wani ya ce, "Dama mun faɗa." Gabas ta fara yin ja. Na ce a ba ni dama sau ɗaya, na durƙusa na sake nemo shi, yatsuna suna ta kuskure. Ina kamo shi Saifullahi ya ture ni gefe ya ce shi zai duba, ba za a yaudari tsoho ba.

Ya sa ido. Ya daɗe bai ɗago ba har na ɗauka watan ya sake ficewa.

"La'ilaha illallahu," ya ce a hankali.

Ya miƙe ya zagaya ta gaban bututun ya leƙa ciki, yana neman ko hoto na manna. Ya dubi sama. Ya dawo ya sake sa ido. Sai ya yi ihu kamar yaro: "Tafiya yake! Wallahi tafiya yake yi, ga shi yana guduwa!"

Na ce Baba ya dawo. Wannan karon na riƙe bututun ina turawa a hankali ina bin watan, kamar mai tallabe da kwanon nono cike. Baba ya leƙa ya yi ta tasbihi ƙasa-ƙasa. Da ya ɗago ya ce, "Shekarata saba'in da wani abu ina duban wannan bawan Allah don azumi da salla, ashe ban taɓa ganin fuskarsa ba."

Aka yi layi. Dattawa, samari, yara, har mata suka aiko a tambaya ko za a shigo da shi cikin gida. Wanda ya goge mini taurari da hannun riga sau uku yana komawa bayan layi. Sai da rana ta fito watan ya koɗe sannan aka bari. Ana ta raha ana tafa hannu, wani har ya ce in dawo bayan kaka.

A cikin duk masu layin nan ban ji wanda ya ambaci sunan Maikuɗi ba. Ni na tuna wa Baba. Ya ce, "Jibi Litinin. Na yi alkawari."

Talata, 25 ga Safar, da hantsi

Jiya an saki Maikuɗi. Baba Yunusa ya je da dattawa biyu, Saifullahi ma ya bi su ya tsaya a waje. An ce rediyon sai an gama rubuce-rubuce, na ce su riƙe.

Ya fito yana ƙifta ido. Na riƙe hannunsa na ce ya yafe mini. Ya ce, "Ba komai, Malam, ƙaddara ce." Motar ƙauyensu ta cika, ya shiga gaba kusa da Baba, ni na tsaya. Na dawo gida na yi barci tun magariba har rana ta fito, Nasiha ta ce ta tashe ni sallah sau biyu ban motsa ba.

Alhamis, 27 ga Safar, bayan azahar

Na je tashar Gwaram. Ba ni da abin yi a can, so nake in ga Maikuɗi a kan babur ɗinsa in samu natsuwa.

Yana nan a layin 'yan acaɓa, shi ne ma a gaba. Na tsaya a rumfar mai shayi ina kallo kafin in ƙarasa. Wata mata da buhu ta nufo shi, ta dube shi, ta wuce wajen na bayansa. Wani dattijo ya yi haka. Wani ɗan kasuwa har ya ɗora ƙafa, abokinsa ya raɗa masa magana, ya sauke ya ce ya yi mantuwa. Mai shayin, bai san ni ba, ya ce mini, "Ai shi ne wanda aka kama kan maganar yaron nan. An ce an wanke shi, amma ka san ruwa ba ya tsami banza."

Na ajiye kofin na tafi kai tsaye na haye bayansa. Na ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Maikuɗi, mu je!"

Bai tada babur ba. Ya ce, "Ina za ka, Malam?"

"Ko'ina. Ka zaga da ni cikin kasuwa, ka bi ta gaban masallaci, kowa ya gan mu. Ni ban ji kunyarka ba."

Ya ci gaba da kallon gabansa. Ina ganin ƙashin wuyansa ta bayan riga. Da ya yi magana muryarsa ƙasa-ƙasa take, ba fushi a ciki ko kaɗan.

"Malam, don girman Allah ka sauka. Kai sun ga wata sun yafe maka. Ni a garin nan zan kwana, kuma ganinmu tare ne ya jawo mini. Ka bar ni su manta."

Na sauka. Na ce Allah ya kawo kasuwa, ya ce amin, bai waiwayo ba.

Na tsallaka titi na shiga motar Birnin Kudu, na zauna a kujerar da ba ta kallon layinsu. Motar ta daɗe ba ta cika ba.